Littafin aiki: ɗora OpenBSD a kan sabar haya a Jamus

Asabar, 9 Nuwamba 2024

Yau kamfanin ya miƙa mini na'urar. Sabar ce sukutum, ba yanki aka gutsuro mini daga ta wani ba. Tana zaune a wata cibiyar ajiye na'urori a Jamus, ina biyan hayarta wata-wata da yuro. Faifanta biyu ne irin NVMe masu girma ɗaya, katin netwok ɗinta na Intel. A shafin kamfanin akwai jerin manyan manhajojin da za ka zaɓa, su Debian da Ubuntu da sauran dangin Linux, ka danna ɗaya, kafin ka sha shayi sun ɗora maka. OpenBSD, wata babbar manhaja ta kyauta da ba ta cikin dangin Linux, ba ta cikin jerin, kuma ita nake so.

Dalilina ba mai nisa ba ne. Imel ɗin ɗan kasuwancinmu da shafinsa za su zauna a nan, kuma kusan duk abin da wannan aikin ke bukata yana zuwa ne a jikin OpenBSD tun daga gida: smtpd na aika wasiƙa da karɓa, httpd na shafi, pf na tsare ƙofa, acme-client na karɓo takardar shaidar Let's Encrypt. Mutane ɗaya suka rubuta su, kuma suka rubuta bayaninsu da hannunsu, bayanin da idan ka bi shi abin yana aiki. Tun 1995 da Theo de Raadt ya ɓalle daga NetBSD ya kafa aikin suke kan wannan hali, duk wata shida sabon fitowa. Na baya-bayan nan a lokacin da nake wannan rubutun 7.6 ne, ya fito ranar 8 ga Oktoba, 2024. OpenSSH ma, wato ssh ɗin da zan riƙa shiga na'urar da shi daga nesa, daga wurinsu ya fito a 1999.

Matsalar ita ce ba ni da allo, ba ni da kibod. Abu biyu kawai ke hannuna daga nan: maɓallin da ke kashe na'urar ya kunna ta a shafin kamfanin, da manhajar ceto, wata 'yar Linux da ke tasowa ta netwok ta zauna a ƙwaƙwalwar na'ura ba tare da ta taɓa faifai ba. Ana iya roƙon ma'aikacinsu ya jona allo na wasu sa'o'i, amma ba na son in gina aikina a kan sai wani ya taso daga kujerarsa.

OpenBSD kuwa an rene ta ne da zaton akwai mutum zaune a gabanta. Idan abu ya ɗaure mata kai, tsayawa take ta yi tambaya, ta jira amsa. Wannan hali ne mai kyau a kwamfutar da ke kan teburinka. A na'urar da ke wata nahiya, kowace irin wannan tsayawar na nufin shiru. Don haka aikin da ke gabana shi ne in nemo duk inda take tsayawa ta jira mutum, in san yadda zan yi da kowanne tun kafin in ɗora mata wasiƙar kowa.

Lahadi, 10 Nuwamba

Ban ɗora komai ba yau, tambayar na'urar kawai na yi daga cikin manhajar ceto. Na kwafe adireshinta na IPv4 da na IPv6, da ƙofar fitarta, da lambar MAC ta katin netwok, duk a takarda da biro, domin abin da ka ajiye a manhajar ceto yana tafiya da zarar an sake tayar da na'ura. Na duba /sys/firmware/efi na same shi, wato da UEFI take tashi, ba tsohon BIOS ba. Na tambayi blockdev girman sashen faifan, ya ce 512. Wannan na da muhimmanci, domin QEMU ma 512 yake nuna wa baƙonsa in ba a ce masa komai ba, kuma da faifan na 4096 ne, teburin rabon da zan rubuta ta cikinsa ba zai karantu ba idan na'urar ta tashi da kanta.

Hanya uku na auna. Ta farko a zuba miniroot76.img kai tsaye a kan faifai da dd a sake tayarwa. Ta biyu a sa GRUB ya ɗauko bsd.rd da umarnin kopenbsd. Duka biyun suna kai ka gaban mai ɗorawar OpenBSD, amma a kan allon da ba ka gani, sai dai in ka cusa masa fayil ɗin amsoshi na autoinstall ka yi addu'a. Ta uku ita na ɗauka: in kunna QEMU, manhajar da ke kwaikwayon kwamfuta a cikin kwamfuta, a cikin manhajar ceto, in miƙa masa faifan gaske guda biyu, in yi ɗorawar ina kallon komai, sannan in kashe shi in bar ƙarfen ya tashi da abin da aka rubuta masa.

Talata, 12 Nuwamba

An ɗora.

Kafin komai na buɗe tmux, wanda ke riƙe aiki yana tafiya ko layi ya yanke, domin layin wayar da nake shiga intanet da shi yana yankewa ba sallama, kuma in ya yanke ana tsakar rubuta teburin faifai ba tare da tmux ba, QEMU ya mutu tare da shi. Na sauko da miniroot76.img da SHA256.sig, na tantance sa hannun da signify, wanda Debian ke da shi a kunshin signify-openbsd. Ƙaramin hoton na zaɓa da gangan. Babban, install76.img, yana ɗauke da kayan duka amma babu fayil ɗin sa hannu a cikinsa, shi kuwa ƙaramin yana jawo kayan daga cdn.openbsd.org ya tantance kowanne da kansa.

Abubuwa uku na kula da su a umarnin QEMU. Na ba shi OVMF domin baƙon ya tashi da UEFI kamar ƙarfen gaske. Na ba shi -smp 4, saboda mai ɗorawa yana duba yawan kwakwalen da ya gani ne ya zaɓi zuciyar manhaja: in ɗaya ya gani, sai ya ɗora mai aiki da ƙwaƙwalwa ɗaya, ka tashi a babbar na'ura kana tafiya da ƙafa guda. Na uku -nographic. VNC a kan layin waya azaba ce, kowane harafi sai ka jira shi. Da na ga boot> sai na rubuta set tty com0, daga nan komai ya koma rubutu zalla a cikin ssh, sumul.

Ban shiga ɗorawa kai tsaye ba, na fara fita zuwa shell na shirya faifan. Na ƙirƙiri na'urorin da MAKEDEV, na rubuta GPT da yankin EFI a kowanne da fdisk, sannan da disklabel na yanka kowane faifai gida biyu, duka nau'in RAID: a mai gigabait 100 na manhaja, d mai sauran na bayanai. Na haɗa a da a da bioctl -c 1, suka zama faifai ɗaya mai tagwayen kwafi (wannan tsarin shi OpenBSD ke kira softraid), a kansa na ɗora. Na bar rabon da OpenBSD ke yi da kanta, mai ware /tmp da /var da /usr da /usr/local kowanne daban. Mutane na ƙorafi a kan yawan yankunan, ni kuwa ina son su, domin in rajistan aiki ya cika /var ba zai shaƙe tushen ba. Kayan X ma na bar su duk da babu allo. Wasu kunsoshin suna neman ɗakunan karatunsu, kuma sysupgrade, umarnin sabunta manhajar, zai dawo da su ko na cire.

A nan na gamu da wurin tsayawa na farko. Mai ɗorawa yana tayin kulle faifan gaba ɗaya da kalmar sirri, kuma raina ya so. Amma kalmar ana tambayarta ne a boot>, kafin netwok ya tashi. A Linux akwai dabarar sa ƙaramin ssh a matakin farko na tashi ka shigo ka buɗe daga nesa. OpenBSD ba ta da wannan. Duk sanda na'urar ta sake tashi za ta zauna tana jiran yatsun da ba za su zo ba. Sai na haƙura da kullen. Manhajar za ta zauna a buɗe, bayanan mutane su ne za a kulle a yankin d, in riƙa buɗewa da hannuna bayan na shiga.

Saura netwok. A cikin QEMU katin sunansa daban, adireshinsa 10.0.2.15 na wasa ne. Maimakon in yi cacar sunan da katin gaske zai samu, na sa wa fayil ɗin hostname lambar MAC ɗin da na kwafa, abin da netstart ke karɓa. Na zuba adireshin, na sa ƙofar fita a /etc/mygate, na sa makullin ssh ɗina. fstab kuwa, jerin yankunan da ake buɗewa a tashi, da lambobin DUID na shaidar kowane faifai mai ɗorawa ya rubuta shi, don haka ko sunayen faifan sun sauya ba abin da zai ɓace.

Dare ya yi. Gobe zan tayar.

Laraba, 13 Nuwamba

Na tayar, ba ta amsa ba. Ba ping (saƙon gwajin ko na'ura na raye), ba ssh.

Alhamis, 14 Nuwamba

Abin da ya fi cin rai a irin wannan shirun shi ne bai gaya maka komai ba. Ko firmware ce ba ta ga faifan ba, ko zuciyar manhajar ce ta faɗi a hanya, ko komai ya tashi lafiya netwok ne kawai babu, duk kamanninsu ɗaya daga nan.

Na koma manhajar ceto. Linux ba ta iya karanta abin da ke cikin softraid, don haka QEMU na sake kunnawa a kan faifan, wannan karon da -snapshot domin kada ya rubuta ko harafi ɗaya a kansu. A boot> na ce boot -s, na hau /var a karatu kawai, na buɗe /var/log/messages. Ga shi nan, tashin jiya a kan ƙarfen gaske, layi bayan layi: sunan allon uwar na'ura, NVMe biyu sun zama sd0 da sd1, softraid ya haɗa su ya ba da sd2, katin Intel ya fito a em0 da lambar MAC ɗin da ke takardata. A authlog sshd ya rubuta cewa yana saurare a ƙofa ta 22. Wato jiya duk tsawon lokacin da nake zaton ta mutu, tana tsaye lafiya lau, hanyar fita ce ba ta da ita.

Saƙonnin netstart a allo suke fita, ba sa shiga rajista. Sai na sake shiga ba tare da -snapshot ba, na sa layi ɗaya a /etc/rc.local da zai zuba sakamakon ifconfig da netstat -rn a wani fayil. Na tayar da ƙarfen, na ba shi 'yan mintuna, na dawo ceto na karanta. Katin yana da adireshinsa, layin a kunne. Teburin hanyoyi kuwa babu default a cikinsa sam.

Dalilin yana cikin takardar da na kwafa ranar Lahadi. Adireshin da aka ba ni /32 ne, shi kaɗai a unguwarsa, ƙofar fita kuma tana wani jeri daban. Linux tana da kalmar onlink da ke ce mata ƙofar na kan wannan wayar ko da lissafi bai nuna ba. OpenBSD ta karanta mygate, ta ga ba ta san hanyar zuwa wannan adireshin ba, ta ƙi. Maganin layi biyu ne a fayil ɗin hostname, kowanne da alamar motsin rai a gaba: na farko route add na adireshin ƙofar da -link -cloning -iface, wanda ke cewa a neme ta kai tsaye a kan katin, na biyu route add default ta wannan ƙofar. Na cire layin IPv4 daga mygate.

Na tayar. Ping ya dawo, ssh ya tambaye ni ko na yarda da sabon makullin na'urar. Alhamdu lillahi.

Asabar, 16 Nuwamba

syspatch na gyaran tsaro, sannan fw_update na sauko da firmware ɗin kayan na'ura, domin wanda aka yi lokacin ɗorawa kayan QEMU ya gani. Na buɗe asusuna, na rubuta doas.conf layi ɗaya, na hana root, asusun mai cikakken iko, shiga ta ssh, na hana kalmar sirri gaba ɗaya sai makulli.

top ya nuna rabin kwakwalen kawai ke aiki. Ba lalacewa ba ce: tun 6.4 a 2018 OpenBSD ke kashe SMT, dabarar da ke sa ƙwaƙwalwa ɗaya ta yi aikin zare biyu, daga gida saboda ramukan da aka gano a na'urorin Intel, inda zare ɗaya ke iya leƙen na kusa da shi. Ana iya kunnawa da hw.smt=1. Na bar shi a kashe. Wasiƙun mutum goma sha wani abu ba sa bukatar wannan ƙarfin.

IPv6 bai ba da wahala ba: adireshi ɗaya daga /64 ɗin da aka ba ni, ƙofa fe80::1%em0 a mygate.

Lahadi, 17 Nuwamba

Yau ranar sauran wuraren tsayawa ce, kuma ita ce ranar da na fi ɗauka da muhimmanci a duk aikin.

Na farko ddb. Idan zuciyar OpenBSD ta faɗi, ba ta sake tashi da kanta, tana buɗe wa mai gyara wurin bincike ne ta jira shi. Na sa ddb.panic=0 a /etc/sysctl.conf, domin ta ajiye abin da za ta iya ajiyewa ta sake tashi.

Na biyu ya fi nauyi. FFS2, tsarin fayilolin OpenBSD, ba ya riƙe littafin abin da yake shirin rubutawa kamar ext4, kuma softdep da ke rage wannan raɗaɗin an daina aiki da shi tun 7.4. Duk kashewar da ba ta bi ƙa'ida ba, fsck, mai duba lafiyar fayiloli, zai bi yankunan ɗaya bayan ɗaya a tashi na gaba. Yawanci yana gyarawa ya wuce. Amma in ya ga ɓarnar da ba ya son yanke hukunci a kanta shi kaɗai, /etc/rc yana rubuta neman agaji a allo ya tsaya, tun kafin netwok. Wasu suna shiga /etc/rc su mayar da fsck -p zuwa fsck -y. Ban yi ba. Fayil ɗin na manhaja ne, sabuntawa zai share gyaran, kuma ba na son na'ura ta riƙa amsa "e" ga kowace tambayar share fayil ba ni a wurin. Abin da na yi shi ne rage abin da zai iya tsayar da ita. Yankin da ake yawan rubutu a kansa, na wasiƙu, ba ya cikin waɗanda ake dubawa a tashi. In kuma ta tsaya duk da haka, na riga na san hanyar: ceto, QEMU, boot -s, fsck da idona a kai.

Na haɗa d da d da bioctl -c 1C, wanda ke yin tagwayen kwafi da kullewa a lokaci guda, ya shigo tun 6.9. Ya nemi kalmar sirri, ya ba da sd3. A fstab na sa masa noauto. Tunda akwatunan wasiƙa a cikinsa za su zauna, smtpd da Dovecot, mai buɗe wa mutane akwatunansu, ba za su tashi da kansu ba. Na rubuta ɗan gajeren fayil da ke buɗe kullen, ya yi fsck, ya hau yankin, sannan ya tayar da su da rcctl -f start. Wannan na nufin in na'urar ta sake tashi ina barci, wasiƙa ba za ta shigo ba sai na farka. Na yarda da wannan farashin, domin ƙa'idar SMTP ta ce mai aikowa ya ci gaba da gwadawa kwana 4 zuwa 5 kafin ya haƙura. Jinkiri za a samu, ba asara ba. Shafin kuwa a yankin buɗe yake, yana tashi da kansa.

Da na gama sai na je shafin kamfanin na danna maɓallin kashewa na ƙarfi, tana tsakar aiki. Gara in ga abin da zai faru yau da babu wasiƙar kowa a ciki. Ta ɗan jima fiye da kullum, ta dawo. Rajista ta nuna fsck ya share 'yan tarkace a /var ya wuce.

Laraba, 20 Nuwamba

pf. A nan ba manhaja ce ke tsayawa ba, kai ne ke iya rufe ƙofa da makulli a ciki. Ƙa'idata: pfctl -nf ya duba rubutun tukuna, sannan a wata tagar tmux in sa sleep 120 da pfctl -d a bayansa, in ɗora sabbin dokokin, in buɗe sabon ssh daga farko. In ya shiga, in soke agogon. In bai shiga ba, bayan minti biyu katangar ta sauka da kanta.

Shawarar da aka saba bayarwa ita ce a bar ssh ga adireshinka kaɗai. Ba ta yi mini aiki. Layin waya a nan adireshinsa na sauyawa, kuma mutane da yawa ne ke fita ta adireshi ɗaya. Sai na bar ƙofar a buɗe da max-src-conn-rate, duk wanda ya cika ƙwanƙwasawa a jefa shi a tebur a toshe. Tunda wata rana ni ma zan iya faɗawa teburin saboda laifin wanda muke raba adireshi da shi, na sa cron, mai gudanar da aiki a kan lokaci, ya riƙa sakin duk wanda ya kwana ɗaya a ciki. Na kuma bar ICMPv6 ya wuce. Wanda ya toshe shi zai ga IPv6 na aiki na ɗan lokaci sannan ya mutu, domin da shi na'ura ke gano maƙwabtanta.

Lahadi, 24 Nuwamba

httpd da acme-client sun tashi, takardar shaida ta zo. Wannan bai kai awa ɗaya ba.

Wasiƙa ce mai bukatar haƙuri. Ƙofa ta 25 ta fita a rufe take ga sabon mai haya sai ya nema, kuma na fahimci dalili, masu watsa wasiƙun banza da sabbin sabobi suke farawa. Na rubuta na faɗi abin da zan yi da ita, aka buɗe. Na sa sunan na'urar a rajistar PTR, mai mayar da adireshi zuwa suna, ta IPv4 da ta IPv6, na rubuta SPF da DMARC, na ɗora opensmtpd-filter-dkimsign domin sa hannun DKIM, ukun nan su ne shaidun cewa wasiƙa daga wurinmu ta fito. Tun Fabrairun 2024 Google da Yahoo suka tsaurara: mai aikowa da adireshinsa bai dace da sunansa gaba da baya ba, ko ba shi da SPF ko DKIM, wasiƙarsa na iya komowa. Na aika gwaji zuwa Gmail na buɗe kanun wasiƙar, ukun duka sun ci.

Asabar, 30 Nuwamba

Tagwayen faifan da ba a taɓa gwada mutuwar ɗayansu ba, zato ne kawai. Na fitar da sd1a daga aiki da bioctl -O. Na'urar ba ta ko girgiza ba, bioctl ya nuna tana tafiya da faifai ɗaya. Na mayar da shi da bioctl -R na zauna ina kallon kason sake ginin yana hawa har ya cika. Na kunna sensorsd ya riƙa duba hw.sensors.softraid0 ya aiko mini saƙo in yanayin ya sauya, zuwa wani akwatin da ba a wannan na'urar yake ba.

Na kuma duba yankin EFI na faifai na biyu, na tabbatar installboot ya ajiye BOOTX64.EFI a can ma, domin in na farkon ne ya mutu a samu abin tashi.

Asabar, 7 Disamba

Na juya rajistar MX, mai nuna sabar da ke karɓar wasiƙunmu, a daren Alhamis, bayan na rage TTL, wa'adin da ake riƙe tsohon bayaninta, tun farkon mako. Wasiƙu na shigowa, abokan aiki sun shiga akwatunansu ta waya, babu wanda ya kira ni, abin da nake fata ke nan. Tsohuwar sabar za ta zauna har ƙarshen wata ko da wani saƙo zai ɓata hanya.

Kowane dare dump yana kwashe yankunan ya tura ta ssh zuwa wata ma'ajiya a wani kamfani daban, a kulle. Yau na jawo na jiya, na buɗe da restore -i, na ciro akwati ɗaya na kwatanta da na kan sabar. Sun yi daidai.

Wurin tsayawa ɗaya ya rage da ban gwada ba, shi ne sabuntawa. OpenBSD fitowa biyu na ƙarshe kawai take yi wa gyaran tsaro, don haka ba a zama a kan 7.6 har abada, 7.7 na tafe wajen Afrilu ko Mayun 2025. sysupgrade yana sauko da kayan ya ajiye a /home/_sysupgrade, ya sake tayar da na'ura cikin bsd.upgrade, ya yi aikinsa a allon da ba na gani, sannan ya dawo. Mintunan nan babu abin da zan iya yi sai jira. Shirina shi ne in fara yin sa a cikin QEMU da -snapshot daga manhajar ceto, a kan waɗannan faifan, in ga ya wuce softraid lafiya, kafin in bar ƙarfen ya yi da kansa. Wannan zai ci kamar awa ɗaya na rufe shafi, don haka sai daren Asabar, kuma sai na sanar da abokan aiki tun ranar Alhamis.